Daga Kano zuwa Damagaram da agogon da ya so ya ba ni kunya

Makonni biyu bayan ƙaramar sallar 2024 aka sa ɗaurin auren 'yar kawuna a Damagaram. Mahaifiyata mutuniyar can ce, kuma rabona da garin tun kafin a rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yulin 2023. Da aka buɗe ta a watan Maris sai uzurina ya ƙare. Kawu ya aiko saƙon murya ya ce, "In ba ka zo wannan ba, to sai dai ka zo jana'izata." Daga nan babu sauran magana.

Ina da agogon hannu irin na zamanin nan mai ƙirga taku da bugun zuciya. Babbar 'yata ce ta saya mini bayan likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa tafiyar ƙafa kullum kuma kada in yi wasa da magani. Agogon ne ke girgiza mini hannu ƙarfe takwas na safe da takwas na dare don in tuna da maganin. Ba na masu tsada ba ne da ake ɗorawa a kan ɗan faifai su yi caji babu fil, irin na Apple da Samsung. Nawa 'yan ɗigon ƙarfe biyu ne a bayansa, igiyarsa kuma tana da mayen ƙarfe a baki, da ka kusanto da ita sai ka ji ƙyas, ta manne.

A gida, da farko yadda nake yi wa waya haka nake yi masa: in jona shi bayan isha'i, in tura shi ƙarƙashin matashi, sai da safe. 'Yar tawa ta kama ni rannan ta ce, "Baba, ai kai da kanka kake tsufar da shi." Ta ce batirin litiyam ba ya son abu uku: ya kwana cike maƙil kullum, ya mutu murus kafin a tuna da shi, da kuma zafi, matashi kuwa zafi yake tarawa. In da hali a riƙe shi tsakanin kashi 20 da kashi 80. Ta ce wasu agoguna masu tsadar ma da kansu suke tsayawa a 80 su jira sai an kusa ɗaura su. Sai ta sauya mini tsari: in cire shi in zan shiga wanka, in jona, in na gama karin kumallo in ɗaura. Awa guda ta ishe shi. Na bi tsarin in na tuna.

Daren tafiya ban tuna ba, da safe kuma babu wuta. Na bar gida ranar Laraba agogo yana kashi 41. Na jefa kan caja mai ƙafa uku da fawa banki a jaka, igiyar agogon kuma na cusa ta a aljihun gefe tare da makullai da wasu tsabar sefa da suka rage mini tun tafiyar baya. Na ce a raina a mota zan cika shi.

A tashar Ƙofar Ruwa na biya naira 3,500 zuwa Daura, na ƙara ɗari biyar aka ba ni gaba. Mu biyu ne a kujerar, ni da wani saurayi da ya ce mini gyaran waya yake yi, za shi gida Daura ganin tsohuwa. Ɗambatta da Kazaure muka wuce su babu abin ba da labari sai shingaye biyu da direba ya san yadda ya yi da su.

Bayan Kazaure rana ta buɗe sosai. Wanda ya san bazarar ƙarshen Afrilu a wannan hanya ya san iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu take fitowa. Na cire agogon, na jona shi da fawa banki, na ɗora su a gaban mota daidai ƙarƙashin gilashi. Ya nuna alamar caji. Bayan kamar minti goma na duba, fitilar fawa bankin ta mutu, agogo kuma yana nan a 36 yadda na bar shi, ga shi ya yi zafi kamar an ciro shi daga tukunya. Na sake dannawa. Haka ta sake faruwa. Na fara zagin wanda ya sayar mini da fawa bankin, sai saurayin nan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba laifinsa ba ne. Kawo ka gani."

Bayanin da ya yi mini ya zauna mini daram. Batirin waya yakan kai 5,000mAh, na irin agogona kuwa bai wuce 300 ba. Wutar da yake ja kaɗan ce ƙwarai, har fawa banki ya ɗauka babu abin da aka jona masa, ko kuma wayar ta cika, sai ya kashe kansa don kada ya yi asara. Ya ce da yawansu suna da wata ɓoyayyar hanya ta ciyar da ƙananan kaya irin agogo da abin saƙalawa a kunne: wani sai ka danna maɓallinsa sau biyu da sauri, wani sai ka danne ka riƙe. Ya danna nawa sau biyu, sai fitilun suka fara bin juna ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ina yawo da abin nan ban san yana da wannan ba.

Amma bai bar ni na jona ba. Ya ce in bari ya huce tukuna. Caji kansa yana haifar da ɗumi, in ka haɗa shi da rana ta cikin gilashi to ka dafa batir, kuma batirin da zafi ya ci ba ya dawowa. Masu ƙera irin waɗannan kaya yawanci digiri 35 suke sawa a matsayin iyakar zafin wurin da za a yi amfani da su, mu kuwa a waje ma mun haura 40, balle gaban mota. Ya sa na nannaɗe agogon a hankici na ajiye a ƙasa wajen ƙafafuna inda babu rana. Daga nan barci ya kwashe ni. Ban farka ba sai a Daura, yaron ya yi mini sallama ya shige gari, ni kuma na mayar da agogon hannu ba tare da ya sha ko ɗigon wuta ba.

Na yi azahar, na sha fura da nono mai sanyi ta naira ɗari biyar, ban ko leƙa rijiyar Kusugu ba wannan karon. Ƙaramar mota ta kai mu Kongolam, bakin iyaka. A nan na yi canji, kuma a nan zuciyata ta sosu: jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, tana neman naira dubu biyu. Ina yaro in muka zo da tsohuwa, naira ake rububi, mai ita shi ne ango. Yanzu na miƙa damin kuɗi aka ba ni 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba.

Tsallakawa ta ci kusan awa ɗaya da rabi. A ɓangaren Ɗan Barto, wato gefen Nijar, tsarin daban yake da namu. A gida direba ke sauka ya je ya dawo, fasinja na zaune. A can kowa sai ya sauko, ka miƙa katinka da katin rigakafi, ka tsallake igiya da ƙafa, ka jira a inuwa har a kira sunanka. Wani jami'i ya ga fuskar agogona ta kawo haske da na ɗaga hannu, ya ce in matso. "Yana ɗaukar hoto?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, bugun zuciya yake aunawa. Ya ce in gwada a hannunsa. Na ɗaura masa, muka tsaya mu biyu muna kallon 'yar fitila koriya tana walƙiya a fatarsa, ya fito 88. Ya kira abokin aikinsa. Shi ma aka auna. Kafin in karɓi abina mutum huɗu sun ji lafiyar zuciyarsu, batir kuma ya sauko 22. Sun sallame ni da fara'a, ban yi ƙorafi ba.

Matamaye, Kance, sai mahaɗar Takeita inda aka hau babban titin da ya taso daga Maraɗi. Duka tafiyar daga Kano kilomita 240 ce ko kusa da haka, amma sai da aka kira magariba muka ga manyan duwatsun nan na Damagaram da suke zaune a tsakiyar gari kamar an jibge su da gangan. Ɗan kabu-kabu ya kai ni unguwar Birni, ƙofar gidan kawu.

An yi murna, an ci tuwo da miyar kuka, an kawo alkaki wanda har yau ban ci irin na garin nan a wani wuri ba. Ɗakin da aka sauke ni mu biyar ne, duk baƙin biki. Da na natsu na zaro kan cajata na nufi bango, sai na tsaya cak. Ramuka biyu ne zagayayyu. Na san da haka sarai, na sha zuwa ƙasar nan, amma hankalina bai kai ba sa'ad da nake haɗa kaya. Mu Turawan Ingila suka bar mana soket mai ramuka uku masu kusurwa, su kuma Faransawa suka bar musu nasu. Abin dariyar shi ne a Kano in ka samu caja mai ƙafa biyu, sai ka tura murfin biro a ramin sama ka danna ta shige, duk da masu aikin wuta suna hanawa. A nan babu dabarar da za ta sa ƙafa uku ta shiga rami biyu. Ƙarfin wutar kuwa kusan ɗaya ne, 220 zuwa 230, kuma a jikin kan cajata an rubuta 100-240V. Kenan ba wutar ce matsala ba, baki ne kawai bai zo ɗaya ba.

Na ce to ai ga fawa banki. Na juya ban gan shi ba. Ashe tun ina cin tuwo wani ɗan ɗan'uwa ya ara, daga hannunsa ya wuce hannun wani, ana ta ɗaukar hoton amarya ana aikawa. Da ya dawo gare ni fitila ɗaya ce ke ƙyaftawa, ita ma ta mutu ina kallo. Wa za ka yi wa faɗa a gidan biki? Sauran baƙin ɗakin duk cajojinsu na hannun wasu, ga shi kafin sha ɗaya an ɗauke wuta. Ɗan kawu ya leƙo ya ce, "Yaya, kuran ya tafi, sai dai a fito waje." Muka kwashi tabarmi muka kwanta a tsakar gida. Agogon ya mutu cikin dare. Ladanin masallacin unguwa ne ya tashe ni, amma maganin safe sai wajen sha ɗaya na tuna da shi, kuma wannan ne ya tayar mini da hankali.

Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Damagaram. Ɗan kawu ya ɗauke ni a babur zuwa Kasuwar Dole. Na tambayi adafta, mai teburi ya ce dala ɗari. Na tsaya ina lissafi. A can dala ɗaya sefa biyar ce, don haka dala ɗari ita ce 500, rabin jaka. Ko yaushe na zo sai wannan lissafi ya kayar da ni a ranar farko. Na biya, muka koma gida, an dawo da wuta, na jona. Waya ta kama caji nan take. Na manna igiyar agogo. Shiru. Na juya ta, na danna, na hura mata iska. Fuskar agogo baƙa ƙirin.

Na yanke hukunci igiya ta lalace, muka sake komawa kasuwa cikin ranar nan. A nan na gane cewa cikin duk kayan da na ɗauko, wannan 'yar igiya ita kaɗai ce ba ta da madadi. Cajar waya ko a ƙauye ka je za ka samu, in ba ka samu ba ka ara. Ta agogo kuwa mai shago ya zube mini kusan kala shida a gabana, a ido duk iri ɗaya, amma wata tazarar fil ɗinta ta fi faɗi, wata ta fi ƙunci, wata fil huɗu gare ta. Ɗaya ta yi daidai da tazarar, sai dai in na kusanto da ita mayen ƙarfen ya ture ta, sai an juya ta baibai take mannewa. Na ce a ba ni ita haka nan. Wani mai gyara da ke zaune a rumfar gefe yana jin mu ya ce, "Malam, kar ka yi. In wutarta ta shiga a juye, agogon za ka rasa gaba ɗaya. Miƙo tsohuwar in gani."

Ya ɗaga ta a hasken rana ya nuna mini bakinta. Baƙin gari ne ya yi mata gemu, ɓurɓushin ƙarfe da ƙura da mayen ya tsinto a aljihuna wajen makullai, har fil ɗaya ya maƙale ciki ba ya dawowa. Ya juya agogon, 'yan ɗigon nan biyu sun yi kore-kore. Gumi ne, in ji shi, gishirin cikinsa ke cin ƙarfe, musamman in mutum ya cire agogo daga hannu jiƙe ya jona kai tsaye. Ya ɗauko tsohon buroshin haƙori ya kakkaɓe, ya ɗiga sifirit a auduga ya goge, ya sa tsinken sakace ya taɓa fil ɗin har ya dawo yana tsalle. Ya bari ya bushe, sannan ya jona a wani ƙaramin kan caja. Babu abin da ya faru. Na fara tattara kayana, ya ce in zauna, batirin da ya mutu murus sai ya ɗan sha kafin ya iya buɗe ido. Ya zuba mini shayi. Ban gama kofin ba sai ga ɗan jan layi ya bayyana a fuskar agogon.

Ya karanta rubutun kan cajata, ya ce ba laifi tunda tana ba da 5V, amma agogo irin nawa 5V da 1A kawai yake buƙata, kuma ya fi aminta da ƙaramin kai na kirki a kan manyan nan marasa suna da ake cika baki da saurinsu. Ya kuma gargaɗe ni kada in bar igiyar a jone babu agogo a kanta, don fil ɗin a buɗe suke, in ta manne da makulli ko tsaba za ta iya haɗa wuta. Da na tambayi kuɗinsa ya ce dala hamsin. Na ba shi ɗari, har yanzu ina ganin na ci riba.

Kwana ukun da suka biyo baya na yi su da tsari. Wutar wannan yanki, wani ɓangarenta daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma a bazara ana yawan ɗaukewa kamar dai a gida. Abin da na fi tsoro shi ne dawowarta, don wani lokaci da ƙarfi take shigowa. Sai na daina jona agogo a bango. Fawa banki nake jonawa in an kawo, in ɓoye shi a cikin jakar kaya don kada 'yan biki su gani, sannan da asuba bayan an dawo daga masallaci, sa'ad da gari ke da sanyi, in goge bayan agogon da busasshen ƙyalle, in danna maɓalli sau biyu, in ajiye su a gindin randar Inna inda ƙasa take da sanyi, nesa kaɗan da inda ruwa ke ɗiga. Inna ta gan ni rana ta farko ta ce, "Kai ɗan nan, agogon ma sai an shayar da shi?" Na ce Inna har da shan iska.

Ɗan kawu kuma ya shiga cikin agogon ya kashe abubuwan da ban san suna cin wuta ba: hasken da ke kawowa duk sa'ad da na motsa hannu, awon zuciya na kowane minti, da saƙonnin WhatsApp da ke ta shigowa daga zauren 'yan biki. Ya bar mini taku da ƙararrawar magani. Cajin da a gida yake yi mini kwana biyu sai ga shi ya doshi huɗu.

Ranar Juma'a da yamma na zaga Birni da ƙafa, ta lungunan nan masu gidajen ƙasa da zane a fuskarsu, na bi ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram inda dogarai ke zaune da jajayen kayansu. Garin nan shi ne babban birnin mulkin mallakar Nijar kafin a mayar Yamai a 1926, kuma har yanzu mutanensa ba su manta ba, za ka ji a maganarsu. Agogo ya ce na yi taku dubu tara da wani abu, wanda a Kano ban taɓa kaiwa ba, don a can ko masallacin Juma'a a mota nake zuwa. Asabar da sassafe aka ɗaura aure, aka raba goro da dabino kafin rana ta ɗaga, abin da ya kamata mu koya, mu da muke tara mutane ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu.

Dawowa ranar Litinin ba ta da labari, sai kilishin da na saya na jaka uku da taya da ta fashe mana kusa da Matamaye. Agogon yana hannuna ƙarƙashin hannun riga, ban ko taɓa caja ba har gida.

Kafin in taso na sayi 'yar ƙaramar jakar fata wajen dukawan garin, irin wadda ake sa laya a ciki. Igiyar agogon a nan take zama yanzu ita kaɗai, adaftar dala ɗari kuma tana aljihun jakar tafiya ban fitar da ita ba. Kawu, wanda ya sa na auna masa zuciya safe da yamma duk kwanakin nan, ya riƙe hannuna a ƙofar gida ya ce in aiko masa da irinsa. Na sa 'yata ta nemo. Na ce mata ta tabbata mai shagon ya haɗo da igiya biyu, ta gwada kowacce a gabansa, sannan kan cajar ya zama mai ƙafa biyu zagayayyu.